Ka Yi Addu'a, Za Su Ci

Litinin, 22 ga Safar, bayan la'asar

Da sunan Allah nake farawa. Littafin nan na mijina marigayi Malam ne, na aikin reluwe, ya rasu ya bar shafuka a ciki. Ban saba rubuta komai ba in ban da allo da wasiƙun matan unguwa. Amma akwai abin da in ban ajiye shi a takarda ba zai fito ta bakina, yanzu kuwa ba lokacin magana ba ne.

Maƙwabcinmu Baba Kumai ya tafi a jirgin safe. Kaduna, in ta kama har Ikko. Kwana goma ke nan da Juma'ar da rediyo ya wuni yana kiɗan soja, kwana uku da wani direba ya kawo saƙo cewa an ɗauke yaron, ɗansa soja, daga barikinsu, shi da wasu, wai za a yi musu shari'a. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Ina shara ya leƙo ta kan darnin da ya raba gidajenmu, takalmi a hannu. Shi kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji, shekara ashirin da takwas na kasa gyara masa.

"Maman Rufus, zan tafi. Awaki na nan, karnuka na nan. Dusa yana rumbu. Safe da yamma ka ba su. Ka kula da Madam, ɓarawo ne, kada ya cinye musu."

Na ce, "Baba Kumai, ka san ni da kare."

"Na sani. To wa zan ba? Mutanen coci tun shekaranjiya daga nesa suke gaishe ni."

Jirgi ya yi kuka a tasha. Ya tafi da sauri, ya sake juyowa ya ɗaga murya: "Ka yi addu'a, ka ji? Ka yi addu'a, za su ci!"

Na ce in sha Allahu za su ci, ai yaron ba ya ƙarya, duk alƙalin da ya ga fuskarsa zai gane. Ban san ko ya ji ba, ya riga ya sha kwana.

Ba ni na haifi yaron ba. Uwarsa ta rasu yana wata bakwai, ni kuwa Allah bai bar mini nawa ba. A bayana ya girma, tuwona ya ci har ya shiga soja. Ban taɓa kiran sunansa ba, yadda ba a kiran na ɗan fari. A takardar nan ma ba zan rubuta shi ba sai in daga bakin wani ya fito.

Talata, 23, da hantsi

Karnukan biyu ne. Babbar karya ce ja mai farin baki, yaron ya sa mata Sajan don ita ke ba da oda. Ƙaramin namiji Kofur. Tun suna kwikwiyo aka jefa su cikin awaki, nonon akuya suka sha, ina jin ba su san su karnuka ba ne. Su ke fita da garken zuwa gindin dutse su dawo da shi, babu makiyayi. Dila da ɓarawo duk sun san gidan, kewaye shi suke yi.

Na ware tsohon zane ɗaya don wannan aiki, na rataye shi a darni. Kasko daban, muciya daban. Mahaifina ya karantar da ni cewa karen kiwo ba laifi ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ni kuma tun ina yarinya ba na ambaton Allah inda kare yake. Ina isa ƙofar garken nake ajiye carbi in kulle bakina, sai na fito na wanke hannu nake buɗe shi.

Na dama dusa da ruwan zafi, na zuba ƙanzo da ɗan manja, na ajiye. Suka zo a guje, suka zauna gaban kaskon kamar masu jiran a biya musu karatu, suka ɗaga kai suna kallona. Yawu na zuba. Ba wanda ya sa baki.

Na ce, "To, ku ci mana."

Sajan ta karkata kai. Na ja da baya ko baƙunta suke ji. Sai ga Madam, baƙar akuya mai ƙaho ɗaya, ta ratsa tsakaninsu ta zura kai har wuya. Sauran sha uku suka biyo ta. Karnukan na zaune ana taka musu wutsiya, ko gurnani babu.

Iya, uwar Malam, ta jawo turminta zuwa inda darnin ya ɓule don ta sha kallo. Ta ce, "Sannu da aiki, Malama mai karnuka. Akuya ta ci, ta ce a gode miki."

Laraba, 24, bayan azahar

Larabar ƙarshen Safar. Na yi rubutu na wanke, ni da Iya muka sha. Na ɗura saura a kwalba na ajiye wa yaron. Yana ƙarami yana sha, ya ce ruwan tawada ya fi na rijiya daɗi, ubansa na dariya.

Na ƙara raka'o'i bayan kowace salla. Roƙona ɗaya ne, wanda aka bar mini: Allah ka sa su ci.

Karnukan ba su ci ba. Madam ta ci.

Alhamis, 25, da yamma

Na lura ba na iya kiran sunayensu da ƙarfi. Wa zai tsaya a bayan layin dogo a kwanakin nan yana kiran Sajan da Kofur? Raɗa nake yi. Su kuwa kunnensu na ji.

Juma'a, 26, bayan la'asar

Yau na ce za a yi ta ta ƙare. Na ɗauki gora na tsaya a kan kaskon tun hantsi. Madam ta zo ta dama na kore ta, ta zo ta hagu na kore ta, ta aiko bunsuru ya ɗauke mini hankali ita ta zagayo ta bayana. Wallahi dabbar nan da mutum ce da ta yi arziki a kasuwa. Na riƙe wurin har inuwar rumbu ta shige ƙarƙashinsa. Karnukan na zaune, idonsu a bakina, ba a kaskon ba. A bakina. Ban san me suke nema a wurin ba.

Iya ta gaji da dariya, tausayi ya kama ta. Ta ce, "Kai, 'yar nan, Allah ya raba ki da wannan wahala."

Na gyaɗa kai kawai, don ina cikin garken. Sai da na fito, na sauya zane, na wanke hannu, na je na durƙusa na ce, "Amin, Iya."

Ta ce, "Amin ɗin me? Ai ya huce kamar kunun jiya."

Da na koma ɗauko kaskon awaki sun lashe shi tas.

Asabar, 27, da asuba

Babu wasiƙa. Kwana biyar, ai bai isa a ce komai ba.

Lahadi, 28, bayan azahar

Na ɗaure awakin duka a turke kafin in kawo abincin, aikin da ya kusa karya mini ƙugu. Na kai kaskon can gindin mangwaro. Karnukan suka bi ni, suka zauna, suka jira abin da suke jira. Da awakin suka fara kuka sai Sajan ta tashi ta koma wurinsu ta kwanta, Kofur ya bi ta. Abincin ya zauna har ƙuda suka rufe shi.

An kaɗa ƙararrawar coci. Mutane sun wuce ta ƙofar gidan cikin kayan Lahadi, kowa ya sami abin kallo a ɗaya gefen hanyar. Ban ga laifinsu ba. Kusan kowane gida a nan akwai ɗa a soja.

A da, kullum safe ina jin Baba Kumai yana gunaguni a bayan darni lokacin da yake ba su abinci. Na ɗauka da marigayiya matarsa yake magana, ban taɓa kasa kunne ba, bai kamata ba. Yau shirun wurin ya dame ni.

Litinin, 29, da hantsi

Na yi dabara. Akuya ba ta cin nama. Na je wurin mahauta na karɓo tumbi da hanji, na dafa, na ajiye. Madam ta sunsuna ta yi atishawa ta tafi, na ji daɗi har ga Allah.

Kofur ya jure, ya jure, jikinsa na rawa. Can ya fizgi tsoka ɗaya ya haɗiye ba tauna. Sajan ta kama masa kunne har ya yi ƙara. Ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

To ba ciwo ne ya hana su ba, ba kuma ƙyamar girkina ba. Hani ne. Wani ya hana su, wanda ya hana ɗin kuma ba ya nan.

Talata, 1 ga watan Mauludi, da yamma

Kofur yana satar abincinsa in Sajan ta juya baya. Sajan ba ta ci ba.

Laraba, 2, da yamma

Sajan ba ta ci ba.

Alhamis, 3, bayan azahar

Ruwa dai tana sha, a kwamin awaki, tare da su. Sai na tatsi nono na dama kunu mai ruwa-ruwa na zuba a kwamin. Ta sha. Na tsaya ina ƙirga lasarta, sha tara, kafin awakin su gane ba ruwa ba ne su rufe wurin. Sha tara ɗin nan su ne abincinta na yau.

Awakin sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi. Duk wanda ya gan su zai ce gidan nan lafiya lau.

Iya ta ce, "Kin san abin da ake cewa in kare ya ƙi abinci maigidansa ba ya nan?"

Na ce, "Iya, don Allah."

"Ni ban ce komai ba. Dabba dai tana riga mutum jin labari."

"Tun ranar farko suka ƙi, Iya. Ranar ko Kaduna bai isa ba."

Ta tauna goronta ta ce, "Ni ba da tsohon nake ba."

Na shiga ɗaki. Na yi salla ba lokacinta ba.

Asabar, 5, bayan la'asar

Mildred matar malamin makaranta ta zo. Ba ta gidan Baba Kumai ta shigo ba, ta nawa, da kwano a rufe kamar an aiko ta sayen daddawa. Doya ce a ciki. Ta ƙi zama.

"Mama, sori fa. Maigida ya ce kada na zo, amma zuciyana bai bar ni ba. Kin ji wani abu?"

Na ce babu.

"Mu ma muna addu'a. Amma a coci fasto ba ya kira suna, sai ya ce 'ya'yanmu da ke nesa. Kowa ya san wa yake nufi."

Ta hango Sajan ta ɓular darni, ta dafa ƙirji. "Wayyo! Wannan shi ne karen Rufus? Ya zama kwarangwal!"

Na tambaye ta ko ta san wata kalma a yarensu da ake faɗa wa kare ya ci. Ta gwada biyu, uku, ta tafa hannu, ta yi fito. Sajan ta ɗaga kai ta dube ta, ta mayar.

Iya ta ce, "Ku gwada Turanci, ai soja ce."

Mildred ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta goge fuska da bakin zane ta fita ta bayan gida. Kwanon ma ta manta.

Lahadi, 6, da asuba

Na roƙa har goshina ya yi zafi. Su ci, su ci, su ci. Wani lokaci sai in ji kalmar ta fita daga ma'anarta don yawan faɗa.

Litinin, 7, kafin magariba

Awaki sun dawo sha uku. Na ƙirga sau huɗu. 'Yar akuyar nan mai tabo a goshi ce babu. Uwarta na tsaye a ƙofa tana fuskantar dutse tana kira.

Sajan ta shigo ƙarshe, tana jan ƙafa, jini a kafaɗarta. Dila ne. A da ko inuwarta dila ba ya takawa. Ta zo gabana ta kwanta ta ɗora haɓa a ƙasa, ba ta dube ni ba. Ni ma ban iya dubanta ba. Ita ta yi aikinta da cikin da ba komai, ni aka bar wa amana na kasa.

Me zan gaya masa in ya dawo? Yaron ne ya sayi uwar garken nan da albashinsa na farko bayan yaƙi.

Talata, 8, da hantsi

Na hana awakin fita. Ni nake sassabo musu ganye. Hannuna duk ƙaya.

Alhamis, 10, bayan magariba

Garin ya yi wani iri. An ce an karanta sunayen waɗanda aka harbe a rediyo. Ba mu da rediyo, na Malam ya mutu tun kafin shi. Na ji kukan mace daga wajen tasha, na ji an rufe mata baki ko ta rufe da kanta.

Ban aika tambaya ba. Na wanke kasko sau bakwai, na sake wankewa sau bakwai.

Juma'a, 11, da hantsi

Babu shi!

Mildred ta shigo a guje ba sallama. "Mama, maigida ya rubuta lis ɗin duka a takarda, ya karanta sau uku. Babu Rufus! Babu!"

Na zauna a ƙasa inda nake. Iya ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta juya fuska bango, na ga kafaɗarta na motsi.

Allah ya gafarta mini, na yi murna a ranar da wasu uwaye ke birgima. Na san ba daidai ba ne, na rubuta don kada in manta na yi. Amma an ce in roƙa na roƙa, ga shi kuwa.

Na je na faɗa wa Sajan da raɗa, "Maigidanki na nan." Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya.

Asabar, 12, Mauludi, bayan azahar

Na yanka zakara, na yi tuwon shinkafa, na aika wa maƙwabta. Na ɗebi cinya guda, ba ƙashi ba, cinya, na kai wa Sajan. Na kori Kofur, na ɗaure Madam. Ta yi ƙoƙari ta tashi zaune yadda suke yi, ta ɗaga kai tana kallon bakina. Muka yi ta kallon juna. Har ƙafafunta na gaba suka gaza, ta zube.

Idan yana nan da rai, me ya sa ba ta ci ba?

Na goge wannan layin, ya ƙi goguwa.

Lahadi, 13

Ba wasiƙa. Ba ta ci ba.

Litinin, 14, da yamma

Ba ta iya zuwa kwami. Na kawo nono a ludayi, ta kasa ɗaga kai. Na duba hagu na duba dama, na sa hannuna na tallafi haɓarta. Shekarata arba'in da tara ban taɓa taɓa kare ba. Kanta ba nauyi, da ɗumi, kamar na jariri mai zazzaɓi. Ta lasa kaɗan, harshenta ya taɓa yatsuna.

Madam ta zo ta tsaya a kanmu. Na zaci nonon take so, na ɗaga gwiwa zan ture ta. Sai ta sunkuya tana lasar ciwon kafaɗar Sajan. Ashe uwar Madam ce ta shayar da karyar, nono ɗaya suka sha.

Na wanke hannu. Ban san ko sau bakwai ba ne, ƙirgar ta ɓace mini.

Iya ba ta yi ba'a ba yau. Na fi son ta yi.

Talata, 15, da asuba

Jirgin Kaduna ya zo ya wuce. Na san kukansa, shekara ashirin ina dafa wa Malam abinci da shi.

Laraba, 16, da asuba

Ya zo ya wuce.

Alhamis, 17, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, in Allah ya ba ni iko.

Da hantsi ina cikin garken. Na dama dusa da romo, na ajiye kaskon dab da hancin Sajan, ina tsaye da gora ina tare Madam. Kofur ya fara haushi, ya daina, ya koma wani irin kuka. Na juya. Baba Kumai ne a ƙofa.

Rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, ta yi masa yawa. Yana rungume da ƙunshi a takardar siminti, an ɗaure da igiya. Shi kaɗai ne. Na duba bayansa, na sake dubawa.

Na ce, "Sannu da zuwa."

Ya ce, "Yauwa, Maman Rufus."

Na ce, "Ba a kira sunansa ba. Mildred ta ce babu shi a ciki."

"Babu shi." Ya gyara riƙon ƙunshin. "Ba su kai shi wurin shari'a ba. Tun kafin na hau jirgi a nan, an riga an gama. Sati uku ina bin ofis ofis, wannan ya ce gobe, wancan ya ce Ikko. Shekaranjiya wani ya ji tausayina ya ba ni wannan. Takalminsa ne da bel."

Na ce, "Ina aka..."

"Ba su faɗa ba."

Iya tana ɓular darni, ban ji motsinta ba. Can Baba Kumai ya ɗaga kai sama, muryarsa ta fita kamar ta yaro, ya ce, "Ya Uba, ka karɓi ɗana. Ka ba shi wurin kwana."

Na ce, "Amin."

Da ƙarfi na faɗa. Ban tuna inda nake ba, ban tuna zanen da ke jikina ba, ban tuna komai ba.

Sai na ji ƙarar kasko a bayana.

Sajan ce. Ta tashi a kan ƙafafu huɗu suna rawa, kanta a cikin kaskon, tana ci. Kofur ya zo a guje ya sa nasa kan, ba ta hana shi ba. Madam ta matso, a karo na farko Sajan ta ture ta da kafaɗa.

Baba Kumai sai lokacin ya ga karyar da kyau. Ya dube ta, ya dube ni. "Me ya same shi? Ba ka yi musu addu'a ba?"

Na ce, "Wa?"

"Karnuka. Na gaya maka. Na ce ka yi addu'a, za su ci."

Gorar ta faɗi daga hannuna.

Ya ce yaron ne ya koya musu, hutun da ya zo bayan yaƙi, lokacin da ɓarayi ke jefa wa karnukan mutane nama mai guba. Ya ce kada su taɓa komai sai an yi addu'ar abinci an ce amin. Da wasa ya fara, yana cewa karnukansa sun fi wasu 'yan coci ladabi. Gunagunin da nake ji kullum safe ke nan.

Na ce, "Na ɗauka shari'ar kake nufi. Na ɗauka su yaron ne za su ci."

Ya ce, "Ka yi wa wannan ma?"

"Dare da rana."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na gode." Ya shiga ɗakinsa da ƙunshin ya ja ƙofa.

Kwana ashirin da huɗu tana kallon bakina. Kalma ɗaya, wadda nake faɗa sau ɗari a wuni a ɗakina, taku goma daga inda take kwance.

Juma'a, 18, da hantsi

Ta amayar da na jiya. Na ba ta kaɗan yau, mai ruwa. Baba Kumai ya fito ya zauna a kan kututture. Na miƙa masa kaskon, ya girgiza kai.

"Bakina ba ya iyawa. Ka ci gaba."

"Me zan ce? Ban san addu'arku ba."

"Ba su san Yesu ba, ba su san Annabi ba. Amin suke jira."

Na gaya masa batun 'yar akuyar da dila ya ɗauka. Ya ce, "To."

Asabar, 19, bayan azahar

Mutanen coci sun zo, bakwai, da fasto. Babu gawa, babu kabari, sai takalmi a kan tabarma. Sun yi waƙa a hankali sun tafi kafin rana ta yi tsaka. Mildred ta karɓi kwanonta.

Kwalbar rubutun tana nan a kan taga. Ban san wa zan ba ba.

Iya ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Saude, ke mai karatu ce, kin fi ni sani. Akwai addu'ar da ba a yi wa wanda bai yi salla ba."

Na ce na sani.

"Amin kuma ba a faɗarsa haka kawai a iska, sai da abin da aka roƙa."

Na ce na sani, Iya.

Ta ce, "Yaron nan ne ya ɗauke ni a baya ya kai ni asibiti shekarar da na karye." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Je ki, karnukanki na jira."

Litinin, 21, da hantsi

Sajan ba ta fita da awaki. Ƙafarta ta baya ba ta ɗauka, ban sani ba ko za ta sake ɗauka. Kofur shi kaɗai bai isa ba. Baba Kumai ya ce in damina ta faɗi zai sayar da garken ya koma Fadan Kaje wurin 'yar'uwarsa. Bai ce komai a kan karnukan ba, ban tambaya ba.

Ba ya cin tuwon da nake aika masa. Shi ban san kalmarsa ba.

Talata, 22, bayan sallar asuba

Wata guda cif.

Na shiga garken da carbina a hannu, na manta ban ajiye ba, da na tuna ban koma ba. Na ɗaure Madam. Na ajiye kaskon. Suka zauna, Sajan a karkace, suka ɗaga kai.

Abin da na roƙa ban gaya wa Iya ba, ba zan rubuta shi a nan ba, Wanda na roƙa ya ji. Amma addu'a tana son suna, kada ta ɓata hanya. Shekara ashirin da bakwai ina cewa yaron.

Na ce Rufus. Na ce amin.

Sun ci.